Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga gwamnoninmu na Arewa kan muƙaman nan da ake rabawa

Assalamu alaikum masu girma gwamnoni, ranku ya daɗe. Ya ƙoƙari, ya fama da jama'a? Allah ya taya ku riƙo.

Magana nake so mu yi a kan muƙamai. Ba na kwamishina ko babban sakatare ba, waɗannan mun san su mun san inda ofisoshinsu suke. Ƙananan nan nake nufi da ake sakin lis ɗinsu da daddare, SA (mataimaki na musamman) da SSA (babban mataimaki na musamman) da PA (hadimi na kusa) da ƴan uwansu, waɗanda in aka karanto sunan muƙamin a rediyo da safe sai ka ga mutane a teburin mai shayi sun tsaya da kurɓa suna kallon juna, ɗaya ya ce wai me ya ce? ɗayan ya ce wallahi nima haka na ji.

A shekarar 2020 gwamnan Bauchi Bala Mohammed ya naɗa mataimakiya ta musamman kan harkokin mata marasa aure, kwana da kwanaki ba a maganar komai a Facebook sai wannan, gwauraye ma suka taso suna cewa to mu ina namu. A Kano lokacin Ganduje an yi masu taimaka wa gwamna kan fitilun kan titi, an yi na maƙabartu. A kudu kuma Rochas Okorocha a watan Disambar 2017 ya ƙirƙiro ma'aikata sukutum ta farin ciki a jihar Imo, ya ɗauko ƙanwarsa ya ba ta kwamishina, a daidai lokacin da ƴan fansho a jihar suke kukan haƙƙinsu. Ban san wanda ya yi farin ciki da wannan ma'aikata ba in ba ita kwamishinar ba. Sai kuma batun yawa, Isa Yuguda a 2011 ya naɗa mataimaka sama da dubu a Bauchi, Ben Ayade na Kuros Riba nasa dubbai ne, Fintiri a Adamawa a 2023 ya naɗa mutum 47 a ɓangaren yaɗa labarai kaɗai. Mutum 47 ranku ya daɗe, gwamna ɗaya baki ɗaya, wane irin labari ne wannan da sai mutum 47 sun taru sun ɗauka?

To an yi dariya an gama, nima na yi. Amma ni sana'ata ta sa ina ganin abin da ke biyo bayan dariyar, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Shagon buga takardu gare ni, irin wanda ake buga fosta da bana da katin biki da ɗan katin nan da manya ke zarowa daga aljihu su miƙa maka. Duk ranar da lis ya fito washegari kasuwarmu ta buɗe, don haka in son zuciya zan bi sai in ce ku ƙara naɗawa. Yaro zai shigo da sabuwar shadda ko karin guga bai baje ba, abokai biyu uku na bin sa a baya suna kiran sa onarabul, ya ajiye takardar naɗin a kan tebur a hankali ya ce a buga masa kati da bana babba ta ƙofar gida. Matsala ta farko sunan muƙamin baya shiga kati. Babban mataimaki na musamman ga mai girma gwamna kan wayar da kan matasa ta kafafen sada zumunta na biyu, shiyyar kaza. Sai an rage harafi an rage har sai mutum ya sa gilashi kafin ya karanta, in ka ce a yanke wani abu ya ce a'a, ko wannan “na biyu” ɗin kar a taɓa don akwai na ɗaya da na uku kuma basa shiri. Matsala ta biyu in ka zo wajen adireshi. Ka ce ranka ya daɗe ina ne ofis? Sai ya yi shiru ya kalli abokansa, can ya ce kawai sa gidan gwamnati. Kai ka sani shi ma ya sani ko get ɗin farko ba za a bar shi ya wuce ba sai ya kira wani ya kira wani. Na uku kuma kuɗin aikin, bashi ne, sai alat ya shigo.

Kuma fa ba wai mutanen banza ba ne, da yawansu yara ne masu kai, wasu da digiri wasu har da digiri na biyu, sun sha rana a kamfen sun ci zagi sun ƙona data. Abin da ba kwa gani daga can sama shi ne wannan takarda da kuka ba shi ta zame masa kaya. Daga ranar da bana ta hau ƙofar gida shikenan ya zama gwamnati a unguwarsu. Mai takardar asibiti ƙofarsa, mai kuɗin makaranta ƙofarsa, gwaggo ta aiko a sama wa ɗanta aiki, ƴan ƙwallon layi suna son jesi, masallaci na son kafet, in ya ce babu a ce ya samu duniya ya canza. Alhali abin da ke shigo masa a wata, in ya shigo ɗin, baya kai shi tsakiyar wata. Na ga wanda ya daina kwana a gidansu saboda masu sallama da asuba. Ba shi da tebur, ba shi da fayil ko ɗaya, ba wanda ya taɓa kiran sa miti, wanda aka ce yana ba shawara bai taɓa zama da shi ba ko na minti biyar, amma duk unguwa ta ɗora masa ido. In wa'adi ya ƙare kuma ya fito ba sana'a ba gogewa, sai tsohon kati a aljihu da sunan onarabul da ya hana shi komawa gyaran waya.

Mu fa Hausawa ba baƙin muƙami mai ban dariya ba ne, kar wani ya ce mana daga Turawa aka koyo. Ku shiga fadar Kano ku ji, akwai Kilishi, wanda baƙo zai ɗauka nama ne, alhali mutum ne da aikinsa shimfiɗar sarki. Akwai Maja Sirdi mai kula da sirada da kayan doki, ga Shamaki ga Sallama ga Ɗan Rimi, ga Jakadiya a cikin gida. A gari kuma ga Sarkin Pawa, Sarkin Aska, Sarkin Ruwa, Sarkin Tasha, har Sarkin Makafi da Sarkin Kutare. Duk wanda ka ɗauka a cikinsu in ka tambayi yaro a gari me yake yi zai gaya maka, kuma in abin ya lalace an san wuyan wanda za a kama. Naman da ba a yarda da shi ba ya shigo kasuwa, Sarkin Pawa za a nema. Mutum ya nutse a kogi, ba a tsaya rubuta takarda ba Sarkin Ruwa ake kira ya shiga da mutanensa. Sarkin Makafi yana raba rigima tsakanin mutanensa, yana karɓar baƙonsu, yana magana da hukuma a madadinsu. A zamanin En'e kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976 iyayenmu suna ba mu labarin duba-gari, sunan kamar wasa, amma in aka ce ga shi nan ya shigo layi mata har rige-rigen wanke randa da share kwata suke, domin zai leƙa randar da idonsa kuma in ya ga tsutsa sai an biya tara. Yau a wace jiha ce ba a da mai ba da shawara kan tsaftar muhalli, wani wajen da mataimakansa, ku zo ku ga kwatocinmu in damina ta sauka.

Can waje ma da ake cewa ai su ma suna yi, e suna yi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta naɗa ministar farin ciki a 2016, Birtaniya ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018 lokacin Theresa May, Japan ta bi sahu a 2021. Elon Musk ma a 2021 ya sa kamfaninsa na Tesla ya rubuta wa hukuma a takarda cewa daga yau shi sarkin fasaha ne, to wannan kuɗinsa ne da kamfaninsa, in ya ga dama gobe ya ce shi ne Sarkin Aljanu ba ruwan kowa. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na gidan firaministan Birtaniya, inda wani kyanwa mai suna Larry yake riƙe da muƙamin babban mai kamun ɓera tun 2011. Cameron ya tafi ya bar shi, May ta tafi, Johnson ya tafi, Truss da Sunak duk sun tafi yana nan. Sannan a tsohuwar hasumiyar Landan akwai ma'aikaci guda da muƙaminsa shi ne kula da hankaki, saboda wani camfi nasu cewa in hankakin suka watse masarauta za ta faɗi, shi ya sa ba a barin su gaza shida. Abin dariya ne ƙwarai, amma mutumin nan kullum da sassafe sai ya tashi ya buɗe musu keji ya ba su nama ya ƙirga su, in ɗaya ya ɓata shi za a tambaya. Ko kyanwar nan an san inda yake kwana kuma an san abin da aka ajiye shi ya yi. Ni ban roƙi fiye da haka ba a kan SSA ɗinmu.

Bari in tsaya a kan na maƙabartu, domin shi aka fi yi wa dariya kuma a ganina shi ne bai kamata a yi wa ba. Duk wanda ya raka gawa a garuruwanmu kwanan nan ya san halin da ake ciki. Maƙabartu sun cika, masu haƙa sai su sa diga su tarar da wani a ciki su mayar su matsa gaba. Katanga ta zube awaki da karnuka na shiga, wani wajen masu gini sun ci gefe guda an wayi gari an ga fulotai, wani wajen ƴan shaye-shaye sun mayar da ita majalisa. In ruwa ya yi ƙarfi a watan Agusta kaburbura su rufta, sai ka ji ana sanarwa a masallaci ana neman matasa su fito da shebur da baro a je gyara. Su kuma bayin Allahn nan masu haƙar kabari, dattawa ne akasari, da yawansu ba su da wani albashi sai ɗan abin da masu gawa suka miƙa musu, ruwan kwaɓa ƙasa ma wani lokaci sai an saya a wajen ƴan garuwa, itace da tukwanen rufi sai an yi karo-karo. To ku gaya min, in aka ce ga mutum guda gwamna ya ɗora masa wannan, ya zagaya ya ƙirga maƙabartun jiha, ya san wacce ta cika wacce ke buƙatar katanga wacce ke buƙatar rijiyar burtsatse da fitila, ya rubuta sunayen masu haƙa a sa su a alawus, ya nemo sabon fili tun kafin a rasa inda za a sa mutum, wa zai yi dariya? Ai sai addu'a. Aiki ne da zai cinye mutum ɗaya har ya nemi mataimaki. Abin da ya mayar da shi abin dariya shi ne mun saba, mun san yadda ake yi, a ba mutum suna a hana shi ko babur ɗin zagayawa.

Haka na mata marasa aure. Zawarawa da ƴan matan da aka sake su da goyo suna nan cike da gidajen iyayensu, ba jari ba mai ciyar da yaran, tsohon miji ya yi gaba abinsa. Wannan matsala ce ta gaske, Kano ma ai saboda ita ta fara auren zawarawa ta hannun Hisbah a 2012. Mace mai wannan muƙami in da za a ba ta ofis da lauya ko guda ɗaya da zai riƙa bin haƙƙin ciyarwa a kotu, da ɗan kasafin koyar da sana'a, wallahi layin da za a yi a ƙofarta sai ya fi na ofishin kwamishina. Na fitilun titi kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, a ba shi tsani da mota da ikon sa hannu a canza batir, in unguwa ta kwana a duhu mu san sunan wanda za mu kira a rediyo.

Na san abin da za ku ce, siyasa ce, mutane sun wahala dole a saka musu, kuma in ba a ba su ba gobe suna wajen abokin hamayya. Ayade ma bai ɓoye ba, ya sha faɗa cewa yana yi ne don abinci ya kai teburin mutane. To na ji, kuma ba zan ce ƙarya ba ne, yunwa gaskiya ce. Amma in tallafi ne a kira shi tallafi mana, a ba mutum jari ya kama sana'a, ya fi masa mutunci kuma ya fi masa daɗewa. Kuna ba shi suna mai nauyin buhu da albashi mai nauyin ƙulli, ga malaman firamare a wasu wuraren har yau suna jiran mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ya iso kansu, ga tsofaffin da suka yi shekara 35 suna aiki suna zarya a kan garatuti da fayil a hammata har wasu su mutu ba su karɓa ba. In waɗannan suka ji an karanto sunaye ɗari biyu a dare ɗaya me kuke so su ji a ransu?

Su ma ƴan majalisun jihohi ba zan ƙyale su ba tunda na san wasiƙar za ta biya ta wajensu. Sashe na 196 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamna na iya naɗa masu ba shi shawara na musamman, amma yawansu da albashinsu da alawus ɗinsu majalisar jiha ce za ta ƙayyade. Shi ya sa kuke ganin gwamna na aika takarda yana neman a amince masa da mutum ashirin ko talatin, su kuma kafin a gama karantawa sun ce sun amince. Amma tulin SSA da SA da PA ɗin nan ba ta wannan ƙofa suke shigowa ba, ana sa su ne a layin ma'aikatan gwamna na kansa da sashe na 208 ya ba shi ikon naɗawa, kuma a nan ba a faɗi adadi ba, wa'adinsu dai na ƙarewa ranar da nasa ya ƙare. Nan ne ramin yake. Sai dai ko ta wace ƙofa suka shigo kuɗin daga kasafi yake fita, kasafi kuma sai majalisa ta sa hannu, don haka ranar kare kasafi ba abin da zai hana ɗan majalisa ya miƙe ya ce mutum nawa ne, nawa suke ci a wata, me suka yi bara. Ban taɓa jin an kori wani daga majalisa don ya yi wannan tambayar ba.

Abin ya ma sauko ƙasa, ciyaman na ƙaramar hukuma na da masu ba shi shawara, kansila na da PA, shi ma SSA ɗin yana da nasa SA wanda ke riƙe masa waya. Ya tsallaka har kasuwa, yaro da tebur ɗaya da na'urar POS ya rubuta CEO, wato shugaban kamfani, a Facebook, kamfani ya ɗauki mai shara ya kira shi jami'in kula da muhalli, maigadi ya zama shugaban sashen tsaro shi kaɗai a sashen da ƴar tocilarsa, albashi dai yana nan inda yake. Waɗannan ban damu da su sosai ba, aljihunsu ne. Naku ne namu.

Don haka ga roƙona ranku ya daɗe, kuma ba ya buƙatar kwamiti. Duk muƙamin da za a sanar, a sanar da shi tare da aikinsa, layi uku ma ya isa, wane an naɗa shi kaza, zai yi kaza da kaza, ofishinsa na wuri kaza, yana ƙarƙashin wane. In mai rubuta sanarwar ya zauna ya kasa samo layi ukun nan to a ajiye sunan tukunna. A faɗi abin da za a riƙa biyansa, wannan ma taimakonsa ne, ƴan uwa su ji da kunnensu su rage masa sallamar asuba. Kar a naɗa mutum uku a kan abu ɗaya sai in an raba musu unguwanni ko ƙananan hukumomi kowa ya san nasa. Sannan duk bayan wata shida a kawo su gidan rediyon jiha ɗaya bayan ɗaya a buɗe layin waya, mai fitila ya amsa tambayar fitila, mai matasa ya amsa ta matasa, wanda aka kira sau biyu bai zo ba a ba wani kujerar. Yaran nan masu digiri da ke cikin lis kuma, in da gaske ana so a saka musu, makarantunmu na neman malaman lissafi da kimiyya, asibitocin karkara na neman masu riƙe rikodi, a ba su aiki na dindindin mai fansho wanda ba zai mutu ranar miƙa mulki ba.

In kuma kun ga duk wannan ya yi yawa, to ku fara da guda ɗaya kafin damina mai zuwa. Kowannenku ya naɗa mai kula da maƙabartu na gaske, ya ba shi mota da kasafi da izinin shiga ofishinsa ba tare da ya kira kowa ba, a fara da biyan masu haƙa da ɗaga katangun da suka zube.

Wassalam. Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya sa ku gama lafiya.

Naku,
wani mai shagon buga takardu